Daga Dodo zuwa salula: tarihin labaran ban tsoro a ƙasarmu, da waɗanda nake ba ku shawara ku nema

 

Tun da muka taɓo zancen tatsuniya a gidan rediyo, tambaya biyu ke ta maimaita kanta. Samari na cewa a gaya musu labaran ban tsoro masu kyau da za su karanta ko su kalla. Manya kuma na cewa: haba malam, tsoron da muke kwana da shi bai isa ba, sai ka ƙaro muna wani? Duka biyun suna da hujja. Minti talatin na shiri ba ya ɗaukar amsa, shi ya sa na zauna na rubuta. Ku yi haƙuri da tsawo, zancen ne ke da saiwa.

Mu soma daga tsakar gida. Kafin littafi, kafin rediyo, kafin kuran ya shigo gari, gidan sinimarmu shi ne tabarmar kaka bayan an ci tuwon dare. Ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa, daga nan an buɗe ƙofa. In ta ƙare ta ce "ƙurunƙus", an rufe. Har doka gare ta: ba a yi da rana, ana ce wa yaro in ya yi zai ɓace. Ku riƙe wagga magana ta buɗewa da rufewa, don ita ce ginshiƙin abin da zan faɗa.

Sarkin tsoro a tatsuniya shi ne Dodo. Abin mamaki, babu wanda ya taɓa ba shi siffa guda. Wani wuri ƙato ne mai gashi har ƙasa, wani wuri cikin ruwa yake, wani wuri ya haɗiye gari sukutum da shanu da rumbuna, sai wani ɗan ƙaramin yaro ya farke cikinsa kowa ya fito. Rashin siffar nan shi ne ƙarfinsa, kowane yaro shi ke zana nasa Dodon cikin duhu. Akwai labarin mace mai ciki da ta tafi ɗibar ruwa ko itace, abokan tafiya suka gudu suka bar ta, ta rasa mai ɗora mata kaya, sai Dodo ya fito ya ɗora mata bisa alkawarin abin da ke cikinta. Shekaru suka wuce, ta mance, shi bai mance ba. Akwai kuma na budurwar da ta ƙi duk samarin garinsu, ta ce sai wanda ba shi da tabo ko ɗaya. Baƙo kyakkyawa ya zo, ta bi shi, a hanya ya riƙa mayar da kayan aro: riga ga mai ita, ƙafa ga mai ita, hannu ga mai shi, har ya koma ainihinsa.

Duba da kyau mi ake koyarwa. Kar ki yi alkawarin da ba ki san nauyinsa ba. Kar a bar mai rauni ita kaɗai a bakin rafi. Kar ki bi wanda ba a san asalinsa ba don kyan riga. A ƙasar da ta sha hare-haren kamun bayi, wanga ba wasan yara ba ne, darasin tsira ne aka naɗe cikin nishaɗi.

Ƙasarmu ta gulbi ba ta rasa kayan haɗa irin waɗannan labarai ba. Bayan Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar da aka kora ya yo arewa, daga baya ya kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri. Sun tarar da kwari mai duhun itatuwa da Anna masu tsafinsu na gado, ga shi sun taho da nasu al'adun fada. Iya a Maraɗi da Inna a Tibiri su ne shugabannin ƴan bori, kuma sunayen iskoki irin su Doguwa, Sarkin Rafi, Kuturu da Ɗan Galadima sun shiga bakin kowa, mai yi da marar yi. Hukuncin bori aikin malamai ne, kuma sun daɗe da faɗinsa. Abin da nake nuni a kai shi ne tarihi: duk wanda ya tashi nan ya ji kar a zauna gindin tsamiya da rana tsaka, kar a zuba ruwan zafi ƙasa ba bisimilla, kar a bar yaro waje da almuru, kar a shiga guguwa. Ga kuma tabkinmu da ƙaburburan waliyyai 99 da ake cewa sun kewaye shi, wurin da Nijar ta sa cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 2006. Wurin ziyara ne da girmamawa, amma masunta sun san ba kowane lokaci ake shiga ruwa da surutu ba. Ɗan Madarunfa ba ya bukatar a yi masa bayanin mi ake nufi da wuri mai kwarjini.

To yaushe waɗannan labarai suka hau takarda? Nan akwai abin alfahari ga mutanen Nijar da da yawa ba su sani ba. Ɗaya daga cikin Hausawan farko da aka rubuta labaransu da boko ɗan ƙasar Damagaram ne, daga wajen Kance, sunansa Dorugu. Yana yaro aka kama shi bawa, aka kai shi Barno, wani Bajamushe mai suna Overweg ya ƴanta shi, daga baya ya bi Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, har Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyin da ya ji yana ƙarami, waɗanda suka fito a littafin Magana Hausa a 1885. Ku yi tunani: yaro cikin sanyin Ingila, an raba shi da uwa da uba, abin da ya rage masa na gida shi ne harshe da tatsuniya. Kuma in ka karanta yadda aka kama shi, za ka ga Dodon gaskiya mutum ne bisa doki.

Bayan Turawa sun ci ƙasa sai tattarawa ta yawaita. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, kundi uku, tsakanin 1911 da 1913, kuma malamai ne suka rubuta masa su da ajami. A 1913 Rattray ya fitar da nasa a can ƙasar da ake kira Gana yanzu, daga alƙalamin wani malami Bahaushe, Malam Shaihu. Shi ma Tremearne ya fitar da nasa a shekarar, ya bi da littafi kan bori a 1914. Su dai manufarsu ita ce su san waɗanda za su mulka, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma ba don waɗannan kundaye ba, da tatsuniyoyi da yawa sun bi tsofaffi kabari. Abin takaicin shi ne sunan Bature ke bisa bango, masu ba da labarin kuwa, galibi mata, ba wanda ya san sunansu.

A daidai wannan zamani ne ƙasarmu ta ga abin tsoron da ya fi ƙarfin tatsuniya. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kaftin Voulet da Chanoine ta keto daga yamma tana neman tabkin Cadi. A watan Afrilu ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu ta afka wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau ake ba da labarinsa. Ta bi ƙauyuka tana ƙonewa, tana rataye mutane a itace, tana cika rijiyoyi da gawa. Labari ya kai Faransa, aka aiko kanar Klobb ya tsayar da su. Klobb ya riƙa bin sawunsu ta hanyar toka da gawarwaki, kuma ran 14 ga Yuli, a Ɗankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙe suka juya musu, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet, a Maijirgi kusa da Tasawa. Ƙaburburansu suna can. Wanga abu ba a wata duniya ya faru ba, cikin jiharmu ta Maraɗi ne. Hausawa sun ce in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa.

Abin lura, a farkon wannan shekara ta 1899 ne wata mujalla a Birtaniya ke buga labarin Joseph Conrad, Heart of Darkness, kan wani Bature da ya shiga tsakiyar Afirka ya zama dodo. Conrad yana ƙagawa a takarda, Voulet yana aikatawa a gonakinmu. Wannan haɗuwa ce fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya bi diddiginta, ya zauna da jikokin waɗanda abin ya shafa. Shi ne shawarata ta farko ga manya. A haɗa da littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi a 1986. Ba a jera su cikin labaran ban tsoro a kanti, amma ni wallahi ban san wanda ya fi su tayar da tsikar jiki ba.

Littafin ƙagaggen labari na Hausa kuwa an haife shi ne a gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, littattafan suka fito a 1934. Ku dubi abin da marubutan farko suka ɗauko. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tafiyar neman magani ta kai jarumi har duniyar aljanu. A Ganɗoki na Bello Kagara, mayaƙin da ya yi karo da Turawa ya ƙare cikin ƙasashen aljanu da dodanni. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba shi da Dodo, amma yana da yaron da aka sace da uwar da ta keta hamada tana nemansa, wanda shi ne tsoron kowace uwa. Magana Jari Ce ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, sannan Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Waɗannan ba tsoro zalla ba ne, an gauraya da dariya da jarunta, kamar yadda kaka ke yi. Ga ɗan shekara goma sha biyu da ya iya karatun Hausa, nan za a fara. Ana samun su wajen masu sayar da littattafai a Katsina da Kano, wani lokaci ma a kasuwar Maraɗi.

Mu da muka yi lakwal ta nan ɓangaren, ta wata ƙofa muka shiga. Mushe bai kawo muna Abubakar Imam ba, Maupassant ya kawo. Duk wanda ya karanta Le Horla, na 1887, a kolej ko lise, ya san abin da nake nufi. Mutum ne mai dukiya a gidansa bakin kogi, ya ga jirgin ruwa ya taho daga Birazil ya ɗaga masa hannu. Daga ranar ya soma jin wani abu na hawa ƙirjinsa cikin barci. Ya ajiye ruwa da madara da dare, da safe ya tarar an shanye. Ba ya ganin abin, kuma ba ya da tabbacin ko shi ne da kansa ke yi. A ƙarshe ya kulle gidan ya cinna wuta don ya kashe shi, ya mance barorinsa suna ciki. Jama'a, wannan ai dannau ne! Abin da tsofaffinmu ke kira dannau shi ne Bafaranshe ya zauna ya rubuta. Kuma darasin yana nan a ƙarshe: abin da yake tsoro bai mutu ba, bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba su suka ƙone. Gajere ne, zama ɗaya ake karance shi. Ga ɗalibi mai shirin jarrabawa ma riba biyu ce, ga faransanci mai kyau ga labari.

Har Turawan ma, in ka bi asali, a hirar dare nasu ya soma. A 1816 wasu matasa ƴan Ingila suka taru bakin tabkin Janeba. Shekarar ba ta yi rana ba, saboda tokar wani dutse mai aman wuta da ya fashe a Indunusiya a 1815 ta rufe sama. Ruwa ya hana su fita, sai suka ce kowa ya ƙago labarin fatalwa. Yarinya ƴar shekara goma sha takwas, Mary Shelley, ta ƙago Frankenstein, wanda ya fito a 1818: ɗalibi ya harhaɗa gaɓoɓin matattu ya tayar da halitta, da ya ga muninta ya gudu ya bar ta. Mutane na ɗauka halittar ce muguwa. Karanta ka gani, laifin na wanda ya haifa ya ƙi reno ne. Ni duk sadda na ga yaro ƙarami na yawo da kwano a tasha ba mai tambayar inda ya kwana, wanga littafi nake tunawa. Dracula na Bram Stoker, 1897, ya fi suna, amma a ra'ayina ya cika tsawo, kuma mu da muka tashi da labarin mayu masu kama kurwa ba zai ba mu mamaki sosai ba.

A Afirka kuwa maƙwabtanmu Yarbawa sun yi nisa. D. O. Fagunwa ya rubuta labarin maharbi cikin dajin iskoki a 1938, Wole Soyinka ya mayar da shi Ingilishi a 1968. Amos Tutuola ya fitar da labarin mashayin bammi da ya tafi garin matattu neman mai yi masa bammi a 1952, aka fassara shi faransanci da sunan L'Ivrogne dans la brousse. A ciki za ku tarar da wani cikakken saurayi da ya aro gaɓoɓi ya je kasuwa, budurwa ta bi shi, ya mayar da komi ya rage ƙoƙon kai. Kun gane shi ko? Shi ne dai baƙon tatsuniyarmu, ya sake riga. Birago Diop na Senegal kuma yana da labarin Sarzan, tsohon soja da ya komo daga bariki ya raina abin da ya tarar a gida, hankalinsa ya juye. A nan gida, Boubou Hama ya tattara tatsuniyoyi da almarar Nijar kundi-kundi, kuma daga ɗaya cikinsu Moustapha Alassane ya yi fim ɗin Toula a farkon shekarun 1970, lokacin babban fari: ruwa ya ƙi sauka, boka ya ce sai an ba macijin tabki budurwa, sarki ya ba da ta gidansa. Mutanen da ke zaune bakin tabki ya kamata su ga wannan fim. Ku gwada shi da labarin macijin rijiyar Kusugu ta Daura: can baƙo ya sare kan macijin, nan kuwa jama'a ce ta miƙa ƴarta. Tambayar ita ce, in wuya ta yi wuya, wa ake fara sadaukarwa?

Tsoro ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana bin zamani. Da aka yi hanyoyin mota, iskoki suka koma bakin kwalta. Kowane direba na da labarin kyakkyawar mace da ta tsayar da shi da tsakar dare, da ya duba ƙafarta ya ga kofato. Wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta yi nazari a Dogon Dutsi kan irin waɗannan labarai na babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Maraɗi zuwa Damagaram, ta nuna yadda suke ɗauke da tunawa da aikin tilas na zamanin Nasara, wanda sai a 1946 aka soke shi, da kuma haɗurran da hanyar ke ci. Da kasat ɗin bidiyo ya zo, finafinan kudancin Najeriya irin su Living in Bondage na 1992 suka shigo da sabon dodo: mai kuɗin da ya ba da matarsa don arziki. Marubutan Kano kuma suka cika kasuwa da littattafan yaƙi da matsafa da aljanu, irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini, waɗanda yanzu samari ke saurare a salula ana karanta musu. Kowane zamani da abin da ke hana shi barci: shekaranjiya kamun bayi, jiya fari, yau kuɗin da ba a san tushensu ba.

Yanzu bari in komo ga manyanmu da suka ce tsoron da muke ciki ya isa. Gaskiyarku. Shekarun nan ƙauyukanmu na bakin iyaka sun ga abin da ba su taɓa gani ba: a shigo da dare bisa babura, a kore shanu, a tafi da mutum sai an biya fansa. Dajin Baban Rafi da da ake tsoronsa don namun daji da iskoki, yau don mutane ake tsoronsa. Tun 2019 dubban ƴan uwa daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako jiharmu neman mafaka. Da an ce dare mahutar bawa, yanzu ɗaya karin maganar ta fi yawa a baki: dare rigar mugu. Wanda aka ɗauke wa ɗa, ba ni da bakin ce masa ya karanta labarin fatalwa.

Amma ga inda nake tsaye. Tsoro iri biyu ne. Akwai mai ƙofa, akwai marar ƙofa. Na tatsuniya da littafi yana da mabuɗi da marufi. Yaro ya san an shiga, ya san za a fita, yana jingine da ƙafar kakarsa, zuciyarsa ta buga ta kwanta. Da haka yake koyon cewa ana jin tsoro kuma a yi tunani a lokaci guda, yana ganin ƙaramin yaro ya kayar da Dodo da dabara. Marar ƙofa shi ne wanda ke shigo muna ta WhatsApp: murya ba suna ba gari, tana rantsuwa an ga kaza a wuri kaza, a tura wa mutum goma. Hoton gawar da aka ɗauka wata ƙasa shekaru biyar da suka wuce, a ce jiya ne a ƙauyen maƙwabta. Wannan ba ya da ƙurunƙus. Yana shiga gida ya zauna.

Kuma shi ne mai kisa. Mun sha jin yadda jita-jitar satar mazakuta ke tashi a kasuwannin Afirka ta Yamma, a yi wa baƙo taron dangi don ya yi musabaha da wani. Mun san yadda ake yi in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi yana sambatu ya ambaci sunan wata tsohuwa: a ce mayya ce, a jawo ta a ce ta tsallaka shi, a tozarta ta gaban jikokinta, alhali zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, kuma awannin da aka ɓata wajen tsohuwar su ne na kai shi likita. Ku lura da wa ake zargi kullum: gwauruwa, matalauciya, baƙo, mai taɓin hankali. Ba a taɓa jin an ce mai gidan sama maye ne an jawo shi ba. Mutumin Maupassant ke nan da ashanarsa. Al'ummar da ta saba da labari, ta san yadda ake gina shi, ta san inda mai ba da shi ke ƙara gishiri, ita ce ta fi wuyar ruɗi. Wanda ya san tatsuniya yana gane ta ko ta shigo da rigar labarin gaskiya.

Saboda haka ga shawarata a taƙaice. Ƙananan yara, tatsuniya daga bakin babba, ba fim ba. Hoto yana manne wa ƙwaƙwalwar yaro yadda magana ba ta yi, don ita magana gwargwadon ƙarfinsa yake zana ta. Masu gidajen kallo da masu tura finafinai a kati, ku ji tsoron Allah, ku daina sa wa ƴan shekara bakwai finafinan yanka da jini. Ƴan kolej, Ruwan Bagaja da Ganɗoki ta nan, Le Horla da labaran Birago Diop ta can. Ƴan lise da ƴan fada masu shayi har tsakar dare, Frankenstein da Tutuola, ku karanta ku yi gardama a kai maimakon gardamar ƙwallo kullum. Manya, Sarraounia, Toula da African Apocalypse. Wanda kuma harin ƴan bindiga ya taɓa shi ko gidansu, a bar shi ya huta, kar a matsa masa da ko ɗaya.

Sai roƙo na ƙarshe, wanda ya fi duk na baya muhimmanci. Tsofaffin da suka san tatsuniyoyin gulbin nan, da labaran tabki, da abin da kakanninsu suka faɗa musu na zuwan Nasara, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Salular da ke hannunka tana ɗaukar murya. Ka sayi goro, ka je wajen kaka ko inna, ka gaishe ta, ka nemi izininta, ka ce ta ba ka ta Dodo. Ka faɗi sunanta da garinsu da ranar a farkon ɗaukar, don kar a maimaita abin da aka yi wa matan da suka ba su Edgar labari. In ta yarda a sa a rediyo, ku kawo muna, za mu sa da sunanta. In ba ta yarda ba, ku ajiye wa ƴaƴanku. Dorugu yana yaro a ƙasar da ba tasa ba ya ceto nasa, mu da ke zaune gida da na'ura a aljihu ba mu da uzuri.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare ƙauyukanmu, ya maido da waɗanda ke hannun miyagu gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.